Baƙo a tsaunin masu gida: wa zai karya tarihin Billy Bland da Kenny Stuart?

A ranar 8 ga watan Yulin 2018, da maraice, jama'a sun cika dandalin kasuwar Keswick, wani ƙaramin gari da ke yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, suna jiran wani ɗan Sifaniya mai suna Kilian Jornet. Tun da sassafe ya bar gaban tsohon ginin Moot Hall da ke tsakiyar garin, ya taka kan tsaunuka 42, ya ci tafiyar kilomita kusan 106 wadda jimillar hawanta ta kai mita 8,200, sannan ya dawo ya taɓa ƙofar ginin bayan awa 12 da minti 52. Cikin masu tarbarsa har da Billy Bland, dattijo mai shekara 70, magini daga kwarin Borrowdale, wanda tun 1982 ya yi wannan zagaye, da ake kira zagayen Bob Graham, a cikin awa 13 da minti 53, aka kuma shekara 36 babu wanda ya ko kusanto shi. Tun daga wannan rana mutane da yawa suka ɗauka an rufe magana: duk lokacin da gwanin duniya ya ga damar zuwa, tsofaffin tarihin da 'yan ƙasa suka kafa za su zube. A ganina rabin amsar kawai aka samu a ranar, kuma rabin da ya rage shi ne mai wuyar.

Turawan arewacin Ingila suna kiran tsaunukansu da kalmar "fell", wadda suka gada daga harshen mutanen arewacin Turai na dā, kuma tseren da ake yi a kansu ya samo asali ne daga wasannin ƙauye, inda makiyaya da masu yi wa baƙi jagora suke hawa tsaunin da ke bayan filin taro su gangaro, jama'a na kallo. Tsaunukan ba su da wani tsayi na a zo a gani, domin Scafell Pike, mafi tsayi a Ingila, mita 978 ne kacal. Wahalar tana cikin yanayin ƙasar ne: ciyawa mai santsi, taɓon da ke haɗiye ƙafa har gwiwa, ɓaraguzan duwatsu masu motsi, da hazon da kan sauko ya rufe komai cikin 'yan mintuna. A manyan tseren ba a kafa tutoci a hanya. Ana ba mai gudu sunayen wuraren da dole ya bi a tantance shi, sauran kuma ya rage nasa, ya riƙe taswira da kamfas da usur da rigar ruwa, kuma ƙungiyar da ke kula da wasan a Ingila, wadda aka kafa a 1970, ta hana dogaro da na'urar tauraron ɗan'adam wajen neman hanya.

A wannan fage ne mutum biyu suka bar lokutan da har yanzu ake ambato. Bland ya gama tseren Borrowdale, mai tsawon kilomita kusan 27, a cikin awa 2 da minti 34 da daƙiƙa 38 a 1981, ya kuma gama na Wasdale, wanda ya fi shi tsawo da wahala, a cikin awa 3 da minti 25 da daƙiƙa 21 a 1982. Kenny Stuart, mai aikin lambu daga ƙauyen Threlkeld, ya hau Ben Nevis na Sikotland, tsauni mafi tsayi a Birtaniya, ya sauko a cikin awa 1 da minti 25 da daƙiƙa 34 a 1984, shekara ɗaya bayan haka kuma ya yi tseren tsaunin Snowdon na Wales a cikin awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 29. An yi ta gudanar da waɗannan tsere shekaru da dama bayansu, ɗaruruwan mutane na shiga kowane karo, amma lokutan nan suka ƙi motsi.

Hujjar masu cewa baƙo zai iya ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata a raina ta ba. A 1985 tarihin gudun fanfalaki na duniya awa 2 da minti 7 da daƙiƙa 12 ne, na Carlos Lopes ɗan Fotugal. A 2023 Kelvin Kiptum na Kenya ya sauko da shi zuwa awa 2 da daƙiƙa 35. Horo ya canja, abinci ya canja, takalma sun canja, kuma yawan mutanen da suke rayuwa da gudu a matsayin sana'a ya ninku. A tseren tsaunuka ma 'yan gabashin Afirka sun riga sun nuna abin da za su iya: Petro Mamu na Eritiriya ya zama zakaran duniya a 2012, Victor Kiplangat na Yuganda ya zama zakara a 2017 kafin ya lashe gudun fanfalaki na gasar duniya a 2023, Patrick Kipngeno na Kenya kuma ya lashe gasar hawa ta duniya sau biyu a jere, a 2022 da 2023. Idan mutumin da ke wuni yana gina katangar dutse, ya fita horo bayan tashi daga aiki, ya iya kafa wani lokaci, me zai hana wanda ba shi da aikin komai sai gudu ya zarce shi?

Kuskuren farko da ke cikin wannan tambaya shi ne ɗaukar Bland da Stuart a matsayin gwanayen ƙauye kawai. Stuart ya je Italiya a 1985 ya lashe gajeren tsere a gasar tsaunuka ta duniya ta farko da aka taɓa yi, ya doke Italiyawa a gidansu. Da ya koma gudun kan titi kuwa, ya yi fanfalaki a cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 36 a birnin Houston na Amurka a 1989, alhali ya shiga harkar ne bayan ya ba da mafi kyawun shekarunsa ga tsauni. Wato baƙon da zai zo ba zai yi takara da inuwar wani mai lambu mai sha'awar motsa jiki ba, zai yi ne da ɗaya daga cikin fitattun masu gudu na zamaninsa. Kuma ba shi kaɗai yake gudu ba. Tarihin Ben Nevis da ya karya na John Wild ne, wanda ya kafa shi shekara ɗaya kafin nan, kuma da daƙiƙa 1 tak Stuart ya zarce shi. A farkon shekarun 1980 akwai gungun mutane masu kusan ƙarfi ɗaya da suke haɗuwa kowane mako suna matsa wa juna, kuma irin wannan matsi ne yake fitar da lokacin da mutum ɗaya, komai gwanintarsa, ba zai fitar ba idan yana gaba shi kaɗai babu mai hura masa wuta a baya.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, shi ne zaton cewa hawa ne ke yanke hukunci. Hawa aikin huhu da cinya ne, kuma a nan gwanin Kenya ko na Yuganda zai iya barin kowa a baya ba tare da ya taɓa ganin tsaunin ba. Amma tseren Birtaniya hawa ne da saukowa, kuma saukowar ce ke raba gardama. Daga saman Ben Nevis, mita 1,345 daga matakin teku, gwanaye ba sa bin hanyar masu yawon buɗe ido mai lanƙwashe-lanƙwashe. Suna yanko gangaren ne kai tsaye, a kan tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa, inda dole ido ya riga ƙafa da taku uku ko huɗu, jiki kuma ya saki ba tare da taka burki ba. Wanda ya tsorata ya ƙanƙame jikinsa zai ƙone cinyoyinsa tun kafin rabin hanya, wanda ya yi ganganci kuma targaɗe ko karaya ke jiransa. Wannan gwaninta ba a samun ta a sansanin horo cikin wata guda. Idon sawu da gwiwa ne suke koyon ta a cikin shekaru, shi ya sa yaran ƙauyukan nan da suka fara tsere tun suna ƙanana suke saukowa kamar ba su san akwai faɗuwa ba. Takalman zamani masu faranti a tafinsu, waɗanda suka rage mintuna a kan kwalta, ba su da wani amfani a cikin taɓo, domin babu ƙasa mai tauri da za ta mayar wa ƙafa da ƙarfin da ta zuba.

Sai kuma sanin hanya, wanda a Borrowdale da Wasdale shi ne kusan komai. Tsakanin wurin tantancewa ɗaya da na gaba akwai hanyoyi da yawa, kuma mafi gajarta a taswira ba lallai ta zama mafi sauri a ƙasa ba. Akwai siririn sawun tumaki da ke zagaye wani tudu ya kare mutum daga hawan mita 20 na banza, akwai zirin ciyawa a tsakiyar duwatsu da mutum zai iya sheƙawa a kai da gudu yayin da wanda ya kauce masa da taku goma yake ɗingishi a kan ɓaraguzai. Kowanne daga cikin waɗannan daƙiƙa 15 ne ko 30, amma idan aka tara su a cikin awa biyu da rabi sai su zama mintuna. An haifi Bland a kwarin Borrowdale, a nan ya yi rayuwarsa, a kan waɗannan tsaunuka yake horo kullum, ya kuma lashe tseren kwarin sau 10. Ko hazo ya rufe, ƙafarsa ta san inda za ta. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari, kuma abin da ya faru a 2018 ya gaskata wannan magana fiye da yadda ya ƙaryata ta.

Domin kuwa a duba yadda Jornet ya yi nasarar. Zagayen Bob Graham, wanda aka sa wa sunan mai masaukin baƙi na Keswick da ya fara kammala shi cikin ƙasa da awa 24 a 1932, ba tsere ba ne na rana tsayayya. Mai niyya shi ke zaɓar ranarsa, kuma Jornet ya zo ne a tsakiyar wani bazara mai tsananin fari da zafi, lokacin da fadamun da suka saba riƙe ƙafa suka bushe. Ƙa'idar zagayen ta bukaci a sami shaida a kan kowane tsauni, saboda haka al'ada ce mutum ya tafi da 'yan rakiya masu nuna hanya da ɗaukar ruwa da abinci, ana sauya su a wuraren da zagayen ya ratsa titi: Threlkeld, Dunmail Raise, Wasdale da Honister. Waɗanda suka raka Jornet manyan gwanayen yankin ne, irin su Carl Bell da Rob Jebb, shi Jebb ɗin ma ya taɓa yin zagayen a cikin awa 14 da minti 30 a 2016. Ilimin da Bland ya tara cikin shekaru, Jornet ya same shi aro a rana ɗaya, kuma 'yan gida ne suka ba shi da hannu biyu, abin da nake ganin ya fi lokacin kansa ban sha'awa. Ba kuma kowane baƙo ne zai iya cin moriyar aron ba. Jornet ya tashi ne a wani masaukin masu hawan dutse a tsaunukan Firinis, da ke tsakanin Sifaniya da Faransa, inda mahaifinsa ke aiki, yana zaune a Norwe inda ƙasa ke da danshi da santsi irin na Birtaniya, kuma a saukowa babu wanda ake sa wa a gabansa a zamaninsa. Ya yi wannan gudu ne 'yan watanni bayan ya karye a ƙafa wajen gasar zamiyar ƙanƙara.

Bayan shekara huɗu, a watan Satumban 2022, wani Ba'amurke mai suna Jack Kuenzle, tsohon sojan ruwa, ya rage lokacin zuwa awa 12 da minti 23. Shi hanyarsa ta bambanta: ya tare a yankin na makonni yana bin zagayen gaɓa-gaɓa, yana maimaitawa har ya haddace shi, sannan shi ma ya nemi 'yan rakiya na gida. Ɗaya ya ari sanin ƙasa, ɗayan ya zauna ya koye shi, amma babu wanda ya tsallake shi a cikinsu. Akwai kuma wani abin lura: da Jornet ya nuna cewa ana iya sauka ƙasa da awa 13, sai ga ɗan Sikotland Finlay Wild ya yi awa 12 da minti 59 a 2021. Wani ɓangare na katangar da ta kare tarihin Bland a cikin zukatan mutane take, kuma baƙon da bai girma yana jin ana cewa ba zai yiwu ba ya fi sauƙin haura ta.

To, me ya sa tsere na gaske bai faɗi kamar yadda zagaye ya faɗi ba? A tsere babu ɗan rakiya, kuma wanda ke neman tarihi dole ya kasance a gaba, inda babu bayan kowa da zai bi. Rana ɗaya ce kuma a shekara, an tsayar da ita tun da wuri, ko sama ta yi kyau ko ta ɓaci. Ƙauyen Seathwaite da ke cikin Borrowdale shi ne wurin zama mafi yawan ruwan sama a Ingila, yana samun fiye da milimita 3,000 a shekara, saboda haka ranar da ƙasa ta bushe, iska ta kwanta, hazo ya janye, zafi kuma bai yi yawa ba, ba kasafai take dacewa da ranar tsere ba. Ɗan gida da ke shiga kowace shekara har sau 15 zai iya dacewa da irin wannan rana sau biyu ko uku, ya kuma yi fatan tana zuwa yana kan ganiyarsa. Baƙon da ya zo sau ɗaya ƙuri'a ɗaya ya jefa. Finlay Wild, likita ne da ke zaune a Fort William a gindin Ben Nevis, ya lashe tseren tsaunin sau 10 a jere daga 2010 zuwa 2019, ya san kowane dutse a kansa, amma lokacin Stuart ya gagare shi.

Ƙasar ma ba ita ce ta 1984 ba. An shimfiɗa duwatsu kamar matakala a wasu hanyoyin domin hana zaizaya, abin da ke sauƙaƙa hawa amma yake rage saurin saukowa, musamman idan sun jiƙe. Wasu gangaren tsakuwa da ake zamewa a kansu a dā sun ƙwaƙule saboda yawan ƙafa. A Ben Nevis an hana bin wani gangaren ciyawa da gwanaye suka saba yankewa ta kansa. Tumaki sun ragu a wasu tsaunuka, musamman bayan annobar ciwon baki da kofato ta 2001, kuma inda kiwo ya ragu ciyawa kan yi tsawo ta rufe sawu. Wanda zai karya tarihin yau yana iya bukatar ya fi mai tarihin gudu da tazara mai kauri kafin agogo ya nuna ya fi shi da daƙiƙa ɗaya.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne yake hana a ma gwada. Lokacin da jihar Kuros Riba ta fara tseren tsaunin Obudu a 2005 da kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, cikin 'yan shekaru gwanayen Habasha da Kenya da sauran ƙasashe suka cika wurin. Tseren tsaunukan Birtaniya kuwa da gangan suka ƙi wannan hanya: kuɗin shiga kaɗan ne, masu shiryawa 'yan sa-kai ne, kyautar kuma sau da yawa ba ta kai kuɗin motar zuwa ba. Matashin da ke ciyar da iyali da ƙafafunsa ba shi da dalilin barin gasar da za ta biya shi ya je ya sa idon sawunsa cikin haɗari a kan jiƙaƙƙen dutse. Waɗanda kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu kuma lokacin bazararsu a cike yake da manyan gasannin tsaunukan Alf, irin su Sierre-Zinal na Siwizalan, inda Jornet ya karya tarihin Jonathan Wyatt na shekara 16 a 2019. Tseren Ben Nevis ma yana da iyakar yawan masu shiga, yana kuma bukatar mutum ya nuna ya kammala wasu tseren tsauni masu wuya kafin a karɓe shi.

Inda aka ba baƙi dalilin zuwa, an ga sakamako. A 2008 tseren Three Peaks na yankin Yorkshire a arewacin Ingila ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta dogon zango, sai Anna Pichrtová 'yar ƙasar Cek ta kafa sabon tarihin mata, wanda ya tsaya har Victoria Wilkinson, 'yar yankin, ta karya shi a 2017. Amma a wannan ranar ta 2008, duk da gwanayen da suka zo daga ƙasashe da yawa, ɗan Sikotland ne ya lashe ɓangaren maza, tarihin Andy Peace na 1996 kuma bai girgiza ba. Three Peaks tsere ne mai hanya a fili wadda ake iya sheƙa gudu a mafi yawanta, kuma irin wannan ne ya fi karɓar baƙo.

Saboda haka idan aka tambaye ni wanne ne zai fara faɗuwa a hannun baƙo, zan ce Snowdon. Hanyarsa daga garin Llanberis a bayyane take, kilomita 16 ce zuwa da dawowa, ba ta bukatar taswira, kuma tseren ya daɗe yana gayyatar tawagogin ƙasashen waje, musamman Italiyawa waɗanda suka sha lashe shi. Gwanin hawa na gabashin Afirka da ya yi shekara biyu ko uku yana gasa a Turai har ya koyi saukowa zai iya isa ƙololuwa a cikin ƙasa da minti 39 da daƙiƙa 47 da Robin Bryson ya yi a 1985, kuma idan ya samu tazarar minti guda a sama, ba sai ya kai Stuart iya gangara ba. Ben Nevis yana biye, amma yana bukatar mai saukowa na gaske da busasshiyar rana a farkon Satumba. Borrowdale da Wasdale su ne na ƙarshe, domin a cikinsu ne sanin ƙasa ya fi nauyi kuma babu wanda zai ba da aronsa ana tsakiyar tsere. Baƙon da ke son su sai ya yi abin da Kuenzle ya yi, har ma ya zarce: ya kama ɗaki a Keswick ko ƙauyen Rosthwaite da ke kwarin Borrowdale, ya shiga ƙungiyar masu gudu ta garin, ya bi hanyar a cikin rana da cikin hazo har ya daina duba taswira, sannan ya yarda ya dawo shekara bayan shekara yana jiran ranar Asabar ɗin da ƙasa za ta bushe.